Jarrabawar Mu'azu, Rubutun Saude

SHAFI NA 19

Masu turo min saƙo cewa na cika jan rai a kan ambulan ɗin nan, ku sassauta min, yau za a buɗe shi. Ke kuma Hajiyar da kika ce in Mu'azu ya ɗaga wa Saude murya kin daina karanta ni, zauna tukuna ki ji ta bakinsa.

Ga waɗanda yau suka shigo: muna Birnin Gwari ne, daminar 1957, mulki na hannun Turawa. Mu'azu mai gadin gandun daji ne a ƙarƙashin En'e. A aji huɗu ya bar sakandare a Zariya da mahaifinsa ya rasu, daga baya ya shiga wata makarantar Ikko mai koyar da ilimin kasuwanci ta wasiƙa, don ya zauna jarrabawar ƙarshe daga gida. Wata tara ke nan da ya tura littattafan ƙarƙashin gado ya ce ya fasa. Abin da bai sani ba, matarsa Saude ta jawo su.

*

Ruwa bai gama ɗaukewa ba Mu'azu ya turo kekensa cikin gida, taɓo har gwiwa. Ko sallama bai yi ba.

Saude na durƙushe bakin murhu tana fama da jiƙaƙƙen itace. Ta ɗago da fara'arta, don kwana arba'in ke nan rabonta da shi, tun da aka tura shi sintiri dajin bayan Kazage.

"Lale, Malam! Sannu da hanya. Duk ka jiƙe, bari in..."

"Bar shi."

Ya jingina keken da bango. Ya sa hannu cikin rigar kakinsa ya zaro wani dogon ambulan mai ruwan ƙasa, ya ɗora a kan turmi.

"Zo ki gaya min mene ne wannan."

Tun daga inda take ta gane hatimin. Maficin hannunta ya suɓuce ya faɗa cikin toka.

"Na biyo ta gidan waya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Malam Nababa ya fito da gudu har yana tuntuɓe, ya rungume ni gaban jama'a. Wai barka. Wai na fitar da garin nan kunya. Ya farke ambulan ya karanta min da kansa. Ranar Litinin zan zauna jarrabawa a Kaduna, har da lambar kujerata. Ni da rabona da buɗe littafi tun kakar bara."

"Malam, ka zauna ka sha ruwa tukuna."

"Saude."

"Na'am."

"Wa ya rubuta?"

Ta sunkuyar da kai. Hayaƙin murhu ya taso tsakaninsu, babu wanda ya gusa.

"Ni ce."

"Ke ce."

"Ni ce, Malam."

"Darasi nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya zauna daɓas a kan kujerar tsakar gida, bai ko damu da ruwan da ke kanta ba.

"Wa yake kai miki gidan waya, ke da ba kya fita?"

"Gwaggo. Ranar kasuwa in ta ɗauki daddawarta sai in ba ta, in ce saƙonka ne ka bari."

"Har Gwaggo Furera kika saka a ciki? Ƙanwar ubana? Tsohuwar da ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba?"

"Ba ta san komai ba. Wallahi ba ta sani ba."

"Ai shi ya fi muni."

Saude ta matso ta durƙusa kusa da ƙafafunsa.

"Ka bar ni in faɗa. In na gama ka yi min hukuncin da ka ga dama."

Ya kau da kai.

"Ka tuna wasiƙar da ta zo lokacin girbin dawa, suka ce in ba su ga aikinka ba cikin wata guda za su soke sunanka? Na kawo maka, ka ce in hura wuta da ita."

"Na tuna."

"Na kai ta har bakin murhu, na kasa. Shekara biyu ina kallonka kana dawowa daga daji ƙafa duk ƙaya, ka ci abinci a tsaye ka hau littafi. Sai rana ɗaya ka ce ka fasa, ba dalili. Na ce bari in yi guda ɗaya tak, don kada su rufe kafin ka huce."

"Guda ɗaya."

"Sai amsa ta dawo. Malamin ya rubuta da jar tawada, wai wannan ya fi duk abin da aka taɓa aikowa daga nan. Malam, tun da na baro makarantar 'yan mata ta Kano na dawo jinyar Inna, shekara shida ke nan, ba wanda ya sake duba rubutuna ya ce min ya yi ko bai yi ba. Na zauna bakin gado ina ta maimaita layin nan har tuwona ya kama."

"Ya fi duk abin da na taɓa aikawa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ai haka ya rubuta."

Ta share ido da gefen zaninta.

"Tsakanin azahar da la'asar nake yi, in Gwaggo ta kwanta. A bayan faranti nake ɗora takarda. Abin da ya shige min duhu sai in tuna kantin Kawu na Funtuwa, yadda yake saro kaya, yadda yake ajiya a sito, yadda dillalai ke zuwa su tafi. Ashe duk abin da na taso ina gani ne, suna kawai Turawa suka sa masa."

"Ba su ga rubutu ya sauya ba?"

"Da farko naka nake kwaikwaya. Daga baya na manta ina kwaikwayo."

Ya ɗago kai.

"To fom ɗin jarrabawa fa? Ba a karɓarsa sai da sa hannun mai shi."

Ta hau murɗa gefen zaninta.

"Saude, wa ya sa hannu?"

"Ni."

"Sa hannuna."

"E."

"Kin san yadda ake kiran wannan a gaban alƙali?"

"Na sani." Ta ƙara sunkuyar da kai. "Yana cikin darasi na sha bakwai."

Ya miƙe zumbur, kujerar ta kife.

"Fom ɗin nan sai da ya je ofis! Sai da Baturen Daji ya sa hannu ya shaida cewa ni ne! Kin san abin da kika jawo kuwa? Ba ni kaɗai ba, har shi kin sa ya shaidi ƙarya!"

"Ba don kaina na cike ba! Da sunan wa zan zauna? Wa zai bar ni in shiga ɗakin? Na zaci in ka ga sunanka a takarda zuciyarka za ta dawo. Ban san za a kai ka daji kwana arba'in ba. Tsaya ka gani."

Ta ruga ɗaki. Ta fito da wani littafin rubutu mai shuɗin bango, gefensa duk ya yi laushi saboda shafa. Ta danƙa masa a hannu.

"Kowane darasi na taƙaita maka shi a shafi biyu. Banki, inshora, sufuri, sari, duk suna nan. Yau Laraba. Kana da kwana huɗu, kuma kai ka fi ni kai, kowa ya sani. Ni zan riƙa yi maka tambaya kana amsawa. Buɗe kawai. Karanta layin farko ka ji yadda na sauƙaƙa shi."

"Karɓi abinki."

"Layi ɗaya, Malam. Don girman Allah."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya buɗe.

Ya miƙa littafin nesa. Ya dawo da shi kusa. Ya juya wajen haske, ya ƙara matso da shi har takardar na taɓa hancinsa. Idanunsa suka ƙanƙance, ruwa ya fara bin kuncinsa, kuma ba ruwan kuka ba ne.

Saude ta matso kusa da shi.

"Malam..."

Ya goge kuncinsa da bayan hannu.

"Me ya sa Malam Nababa ne ya karanta maka wasiƙar?"

"Hannuna da taɓo."

"Malam, dube ni."

Ya dube ta. Sai yanzu, a hasken tsakar gida, ta lura da wani fari-fari da ya kwanta a gefen baƙin idonsa, da yadda kallonsa ya ɗan kauce wa fuskarta, kamar mai magana da wani a bayan kafaɗarta.

Littafin ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe?" in ji ta.

Ya ɗaga kujerar ya sake zama. Duk faɗan ya fita daga muryarsa.

"Tun daminar bara. Farko ƙaiƙayi, kamar an zuba min ƙaiƙayin gero a riga. Sai ido ya fara ruwa. Sai baƙaƙe suka fara hawa kan juna. Yanzu shafin nan da kika ba ni, fari nake gani da wani toka-toka a kai, kamar sawun kaji."

"La'ilaha illallahu."

"Kin san ƙauyukan bakin kogi, inda ake ganin magidanta jere a gindin bishiya kowa da sandarsa? Na zauna da su. Na tambaye su yadda nasu ya fara." Ya girgiza kai. "Haka ya fara."

"Amma kana aiki. Kana hawa keke."

"Kin ga na shigo a kansa? Tun daga Kazage turo shi nake. Manyan abubuwa ina gani. Ke ma ina ganinki. Sai dai ban san ko kuka kike ko dariya ba sai kin yi magana."

Ta toshe baki da hannu biyu.

"Aikin kuwa, Dabo ne. Bafulatanin nan da ke kiwo a gefen gandu. Wata huɗu ke nan shi ne idona. Shi yake kai ni gindin maɗacin da aka sare, ya kama hannuna ya ɗora a kan hatimi in shafa in ji ko namu ne. Rannan saura taku ɗaya in taka kububuwa, shi ya fizgo ni ta wuyan riga. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa."

"Me ya hana ka zuwa asibiti?"

"Malamin asibiti ma'aikacin En'e ne. Ya duba ni da safe, kafin la'asar magana tana ofis. Mai gadin daji da ba ya gani, wa zai ajiye shi?"

"To ni fa? Ni ma ofis ce?"

Ya murza idanunsa.

"Ina mai karatu kika aure ni."

"Wata tara," in ji ta, hawaye na zuba. "Wata tara ina kallonka ina cewa a raina lalaci ne ya kama ka. Ina zuba maka tuwo ina jin haushinka. Kai kuma kana nan kana..."

"Salamu alaikum! Ina mutanen gidan? Mu'azu! An ce ka dawo!"

Gwaggo Furera ce ta faɗo gidan da ƙwaryar daddawa a kai, tana haki, zaninta duk feshin taɓo.

"Maza tashi ka sake riga! Ga Mai Lofe can ya fito daga bariki a jif, an ce nan ya nufo. Nan gidan! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin Bature ya taka gidan mai gadi ba. Kasuwa duk ta ɗauka, wai da kansa zai kai ka Kaduna saboda hanya ta lalace, wai in ka ci kai za a ba sabon ofishin sayar da katako."

Mai Lofe shi ne sunan da mutanen gari suka laƙaba wa Baturen Daji, don ba a ganinsa sai da lofe a baki.

"Shi kaɗai ne, Gwaggo?"

"Da Sarkin Daji Labaran. Shi kam fuskarsa ba ta yi min ba. Tun hantsi yake zaune wajen Nababa yana juya takardu." Ta sauke ƙwaryar, sai ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. "Kai, lafiya? Wa ya mutu?"

Idonta ya sauka a kan littafin da ke ƙasa, ya koma kan yatsun Saude. Shuɗin tawada na nan a gefen ɗan yatsanta na tsakiya, inda sabulu ya daina fitarwa tuntuni.

Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"'Yar nan. Saƙon da nake kaiwa duk ranar kasuwa..."

"Ki yafe min, Gwaggo."

"Ni da nake yawo ina cewa ɗana ko yana daji alƙalaminsa ba ya hutawa? Ni na gaya wa Labaran haka da bakina! Satin da ya wuce ya tare ni a ƙofar gidan waya, ya ce Gwaggo me kika kawo, na ce aikin Mu'azu ne!"

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Hayaniyar mutane ta biyo baya.

Mu'azu ya miƙe. Ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kowanne na raminsa.

"Saude, saurare ni da kyau. Labaran shekara ashirin da biyu yana aikin nan, ba zai zuba ido a ɗora ni a kansa ba. Da shirinsa ya zo. Ko me kika ji a zauren nan, kada ki yi ko tari."

"Me za ka ce musu?"

"Abin da ya sawwaƙa."

"Malam, laifina ne, ka bar ni in..."

"Ki tsaya gaban alƙali? A yi ta nuna ki a gari ana ga matar da ta saci sa hannun mijinta? Ni aikin nan ko yau ko gobe barinsa zan yi, kin dai ji dalili. Gara a kore ni a kan takarda." Ya juya wajen tsohuwar. "Gwaggo, amanarta a hannunki. Kuma maganar idona, Saude, ko a mafarki."

"Wace maganar ido?" in ji Gwaggo.

Amma ya riga ya nufi zaure, hannunsa ɗaya na bin bango.

*

Ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida na kwano ne, yana da wata 'yar huda inda ƙusa ta fita. Nan Saude ta manna ido. Gwaggo na bayanta, ta riƙe mata wuyan hannu gam.

An shimfiɗa tabarma. Mai Lofe ya ƙi kujera, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna a ƙasa, hularsa a kan gwiwa. Sarkin Daji Labaran na gefensa da wata jakar fata. A bakin ƙofar waje kawunan mutane ne cunkus, har da Malam Nababa na gidan waya, yana ta murmushi.

"Mu'azu," in ji Baturen da Hausarsa mai tauri, "na yi murna ƙwarai. Makarantarka ta rubuto mini. Sun ce cikin ɗalibansu na Arewa duka, babu kamarka."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Jibi da asuba za mu tafi. Ka shirya."

Labaran ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, kafin a kai ga tafiya, akwai 'yar magana. Ni ma murna nake, ɗana ne, a hannuna ya koyi aiki. Sai dai akwai abin da ya ɗaure min kai, ina so ya warware min."

Ya buɗe jakar ya zaro takardu biyu, ya jera su a kan tabarma.

"Wannan rahoton sintiri ne da Mu'azu ya aiko min daga Kazage, ran sha biyu ga wata. Dubi rubutun. Layi na hawa, layi na sauka, ni kaina da ƙyar na karanta. Wannan kuwa aikin makaranta ne da aka duba aka dawo da shi jiya. Dubi hatimin gidan waya a kan ambulan ɗin da ya tafi da shi. Ran sha biyu ga wata, daga nan cikin gari." Ya ɗaga tafukansa. "Mutum ɗaya, rana ɗaya, wuri biyu, hannu biyu. Ni dai ban yi boko mai zurfi ba."

Murmushin Malam Nababa ya ɗauke.

Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa. Ya ɗauki takardun ya daɗe yana dubawa. Wuyansa ya soma ja.

"Watakila akwai bayani," in ji shi a hankali. Ya miƙa wa Mu'azu ta biyun. "Wannan bayani ne a kan cinikin daddawa, daga ƙauye zuwa birni. An ba shi maki mafi yawa. Karanta mana farkonsa, ka gaya mana yadda ka yi shi."

Saude ta ga takardar a hannun mijinta. Ta ga yadda ya riƙe ta nesa da fuska, kamar mai gani, bai yarda ya matso da ita ba.

"Karanta mana, Mu'azu," in ji Labaran da taushin murya. "Ai rubutunka ne."

Mu'azu ya ajiye takardar.

"Ba ni na rubuta ba, ranka ya daɗe."

Ƙofar zaure ta ɗauki salati.

"Wannan kaɗai?"

"Duka. Tun kakar bara."

"Sa hannun da ke kan fom?"

"Da sanina aka yi. Ni na sa a yi."

Gwaggo ta ƙara matse hannun Saude har ƙashi ya yi ƙara.

"Na sa sunana a takardar nan," in ji Mai Lofe. Yanzu babu sauran fara'a. "Na shaida wa Kaduna cewa na san ka, na san aikinka. Wa ya rubuta?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba roƙonka nake ba."

"A yi min hukunci, ranka ya daɗe. Ni ne mai laifi."

"Ai ba sai ya faɗa ba," Labaran ya karɓe. "Garin nan mutum nawa ne ke rubuta Turanci haka? A ƙirga su a ga. Kuma ta hannun wa takardun suke shiga suke fita?" Ya juya a hankali ya dubi bakin ƙofa. "Wa ya fi kowa rawar ƙafa da murna yau?"

Mutane suka dare, suka bar Malam Nababa tsaye shi kaɗai.

"Ni? Wallahi tallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa... Ina da 'ya'ya bakwai! Mu'azu, ka yi magana mana!"

"Ba shi ba ne!" Mu'azu ya ɗaga murya. "Na rantse ba shi ba ne!"

"To wane ne?" in ji Labaran.

Mu'azu ya dafe kai.

"Shi ke nan," in ji Mai Lofe. "Sarkin Daji, a kira ɗan doka. A rufe gidan waya, a kai su biyun gaban alƙali yau ɗin nan."

Saude ta janye ido daga hudar.

"Gwaggo, sake ni."

"Kin ji abin da mijinki ya ce."

"Na ji. Kin ji na Malam Nababa?"

"'Yar nan, maza ne cike. Da Bature. In kika fita, har ki mutu ana ba da labarinki a garin nan."

"Ara min mayafinki."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi ƙyauren. Sannan ta saki hannun, ta warware mayafin daga kafaɗarta, ta yafa mata da kanta, ta ja shi har goshi.

Ƙyauren ya yi ƙara.

"Salamu alaikum."

Mu'azu ya juyo a firgice.

"Saude! Koma ciki!"

Ta durƙusa daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Ta buɗe baki, sai Turanci ya fito, a hankali, kalma bayan kalma. Yadda matan ƙauyen Tabanni ke tara kalwa da rani. Yadda mai sari ke saye a lokacin da take da araha ya adana, ya ɗauki kasadar ƙwari da ruwa. Yadda take isa Kaduna ta hannu huɗu, da abin da kowane hannu yake ƙara mata.

Mai Lofe ya ɗauki takardar. Yatsansa na bin layi, tana faɗa yana bi. Ta kai ƙarshen shafi bai ɗaga yatsan ba.

Ta koma Hausa.

"Ni ce na rubuta, ranka ya daɗe. Duka talatin da ɗayan. Ni na sa hannu a fom, maigidana bai sani ba sai yau. Malam Nababa bai taɓa ganin ko fuskata ba."

"Ƙarya ne!" Labaran ya zabura. "Haddacewa aka sa ta yi! Mace? A cikin kulle?"

"In ana shakka, a ba ni alƙalami. A tambaye ni abin da ba ya cikin takardar."

Baturen ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zaro alƙalami daga aljihun ƙirjinsa, ya cire murfin, ya miƙa.

Saude ba ta karɓa ba. Ta juya wajen mijinta.

Ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

"Mu'azu," in ji Labaran, "matarka ce fa durƙushe gaban maza. Za ka yi magana, ko sai mun yi maka?"

Mu'azu ya tashi tsaye. Ya tako zuwa tsakiyar tabarma.

"Ranka ya daɗe, ba ta karɓar abu daga hannun wani namiji. Kawo, ni zan ba ta. A tambaye ta duk abin da aka ga dama."

Ya miƙa hannu da ƙarfin zuciya, ya damƙa.

Iska ya damƙa. Alƙalamin na can gefe, tazarar taƙi guda daga yatsunsa.

Ya sake lalubawa. Ya sake kuskurewa.

Saude ta runtse ido.

Mai Lofe ya janye alƙalamin a hankali. Ya miƙe, ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Mu'azu, ya leƙa cikin idanunsa. Sannan ya ja da baya taku uku, ya ɗaga hannunsa na dama.

"Mu'azu," in ji shi. "Yatsu nawa na ɗaga?"